Wa ke riƙe da wuƙa da nama a wasannin makarantu masu zaman kansu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan yadda ake yanke shawara game da wasanni a makarantu masu zaman kansu. Na yi shekaru ina koyar da wasanni da motsa jiki a wata makarantar kuɗi a Kano, kuma abin da na gani shi ne, a rubuce malamin wasanni ke tsara komai, amma a zahiri sai an gama magana ake kiransa a faɗa masa abin da zai yi.

Mai makaranta ne ke sa ranar gasar gidaje, wato gasar wasanni tsakanin rukunonin ɗaliban makaranta, shi ke yanke kuɗin wasannin da za a ɗora wa iyaye, shi ne kuma ke zaɓar babban baƙo. Bayansa sai iyayen da suka ɗauki nauyin jan gida ko koren gida, suka sayi riguna da lemo da kofuna, waɗanda ba wanda ke iya musa musu idan suka nemi a sa ɗansu ya zama kyaftin. Na taɓa cire sunan yaron da ya fi kowa gudu daga tseren miƙa sanda bisa umarni, domin mahaifinsa bai gama biyan kuɗin zango ba, aka maye gurbinsa da ɗan wanda ya sayi kofi. Har yau ina tuna yadda yaron ya tsaya a gefen fili yana kallo. A wata shekarar kuma aka ɗage gasar daga lokacin sanyi zuwa watan Afrilu saboda baƙon ya yi tafiya, alhali kowa ya san zafin Kano a wannan wata yakan haura digiri 40. Baƙon ya makara, aka fara gudu da tsakar rana, yara biyu suka suma.

Na san hujjar masu makarantu, cewa sakamakon WAEC da NECO ne ke jawo iyaye, kuma kowane aji da aka gina a filin ƙwallo kuɗi yake kawowa. Ban raina wannan ba, domin da kuɗin ake biyan albashi. Sai dai yaranmu ne ke asara, tun da akwai gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare da Milo ke ɗaukar nauyi, akwai kuma gasar matasa ta ƙasa da aka fara a Abuja a 2013, kuma yaron da ba ya atisaye sai mako biyu kafin bikin makaranta ba shi da hanyar isa can.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatar ilimi da ƙungiyar masu makarantu ta NAPPS da su wajabta wa kowace makaranta kafa kwamitin wasanni da ya ƙunshi shugaban makaranta, malamin wasanni da wakilin ƙungiyar iyaye da malamai. A bar wa malamin zaɓen 'yan wasa ta hanyar gwaji a gaban kowa, a sa gasa a watannin hunturu, sannan a ba iyaye bayanin kuɗin wasanni a rubuce a ƙarshen kowane zango.

Naka,
Wani tsohon malamin wasanni, Kano