Zuwa Ga Ummi a Manchester

Ummina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin garin? Mamanki ta karanta mini saƙonki game da dattijuwar nan Bayahudiya, maƙwabciyarki, da ta dawo miki da cincin ɗin da kika kai mata. Kin ce abin ya sosa miki rai. Ki sanyaya zuciya, ba raini ba ne. Na zauna da mutanen nan a Prestwich, can kusa da Manchester, lokacin da na je kwas, na san kaɗan daga al'adarsu.

A Afrilu kika kai, kin kuwa faɗa tsakiyar Pesach, idin da suke tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar tare da Annabi Musa (AS). Kwana 8 ne a wajen Isra'ila, 7 a can. A kwanakin nan ba sa cin burodi, ko duk wani abin fulawa da ya tashi, ko ajiye shi a gida ba sa yi. Suna cewa kakanninsu sun fita a gurguje, ƙullu bai samu kumbura ba, shi ya sa suke cin wani busasshen burodi da suke kira matza. Daren farko iyali kan haɗu, autan gida ya yi tambayoyi, manya su warware labarin Fir'auna tun daga tushe. Wannan al'adar ta burge ni, yaro ke buɗe zancen.

Wata suke bi kamar mu, sai dai suna ƙara wata na 13 sau 7 cikin kowace shekara 19. Don haka idinsu ba ya zagaya damina da rani irin azuminmu. Ranarsu kuma daga faɗuwar rana take farawa, yadda daren Juma'a ke shiga mana tun magaribar Alhamis.

Mako 7 bayan Pesach sai Shavuot, tunawa da saukar Attaura a Ɗuri Sina.

Inda za ki fi kiyayewa shi ne Satumba zuwa Oktoba. Nan sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, take faɗowa. Za su busa ƙahon rago a majami'arsu, su ci tuffa da zuma don fatan shekara mai daɗi. Ran 10 ga watan sabuwar shekarar tasu kuma Yom Kippur, ranar da ta fi kowace girma a wurinsu. Azumi ne na kusan awa 25, ba ci ba sha, daga magariba zuwa duhun washegari. Kafin ranar, mutum zai bi waɗanda ya ɓata wa ya nemi yafiya, don a koyarwarsu haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa da azumi kaɗai. Kin tuna hadisin Ashura, da Manzon Allah (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumi? Masana da dama suna danganta shi da wannan rana. Ranar nan kada ki buga mata waya, ba za ta ɗauka ba. Haka ma kowace Asabar.

Kwana 5 bayan haka za ki ga an kafa bukkoki a bayan gidaje, ana cin abinci a ciki duk da sanyin Ingila. Sukkot ke nan, tunawa da shekara 40 na yawon jeji.

Hanukka, mai kunna kyandir dare 8 wajen Disamba, ta fi suna a duniya, amma a addini ba ta kai waɗancan ba. Purim kuwa, wajen Maris, ranar raha ce, yara da shigar ban dariya, ana aika wa juna kayan zaƙi, don tunawa da tsirarsu daga makircin Haman, wani wazirin sarkin Farisa. In ta aiko miki, ki karɓa hannu biyu ki yi godiya.

Wani lokaci in za ki kai mata wani abu, kai dabino ko lemo, don masu riƙo sosai ba sa cin girkin da ba a yi bisa ƙa'idar kosher ba, wato dokokinsu na abincin da ya halatta, ko da ba lokacin idi ba ne.

Mamanki ta ce ki faɗa mata ko kuka da daddawarki sun ƙare, akwai mai tahowa ƙarshen wata. Allah Ya yi miki albarka.

Babanki