Wasannin Grateful Dead sun cancanci fili a shafin nishaɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka mai suna Grateful Dead, wadda masu sha'awar kiɗa a cikinmu ba su san ta yadda ya kamata ba. An kafa ta a jihar Kalifoniya a 1965, ta kuma watse a 1995 bayan rasuwar jagoranta, makaɗin jita Jerry Garcia. A tsawon waɗannan shekaru talatin ta yi wasa a gaban jama'a fiye da sau 2,300, kuma duk wanda ya saurari faya-fayanta na situdiyo kaɗai, bai ji rabin abin da ya sa ake ƙaunarta ba.

Al'adar mutanen nan ita ce su hau dandamali ba tare da sun maimaita jerin waƙoƙin daren jiya ba. Waƙar da ba ta wuce minti biyar a faifai ba tana iya kai minti ashirin a gaban jama'a, domin Garcia yakan ɗauko wata karin murya ya ja ta, Phil Lesh ya amsa masa da jitarsa mai kauri, masu ganga biyu, Bill Kreutzmann da Mickey Hart, su riƙe musu ƙasa har kiɗan ya zarce cikin wata waƙar ba tare da an tsaya ba. A faifan da aka naɗa daga cikin taro, mutum yana jin lokacin da 'yan kallo suka gane inda aka dosa, sai ihu ya tashi tun kafin a rera kalma ɗaya. Akwai dararen da abin ya ƙi haɗuwa, kuma magoya bayansu ba su ɓoye hakan. A ganina wannan kasadar ce ta sa daren da aka dace yake da tsada.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka bar magoya bayansu su naɗi wasanninsu. Daga 1984 har wuri na musamman suka ware wa masu naɗa, inda za ka ga makirufo a kan dogayen sanduna, sharaɗin kawai kada a sayar. Haka kaset-kaset suka riƙa yawo hannu zuwa hannu da ta gidan waya. Ta wannan hanya wasan da suka yi a Jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayu, 1977 ya yi suna, har Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin sautukan da ƙasar take adanawa.

Ba su rasa alaƙa da nahiyarmu ba. A watan Satumbar 1978 sun yi wasa dare uku a gindin dalar Giza a Masar tare da Hamza El Din, makaɗi ɗan yankin Nubiya da ke kudancin Masar, kuma Mickey Hart ya daɗe yana aiki da makaɗan Nijeriya Babatunde Olatunji da Sikiru Adepoju.

Saboda haka ina kira ga masu kula da shafin nishaɗi da su yi wa masu karatu cikakken bayani a kan wannan ƙungiya. Dubban wasanninta suna nan kyauta a rumbun adana bayanai na intanet mai suna Internet Archive, kuma shawarata ga mai farawa ita ce ya ware sa'o'i uku ya saurari wasa guda daga farko har ƙarshe, kada ya tsinci waƙoƙi ɗaiɗai.

Wassalam.

Mai karatunku daga Zariya