Wa ya gaya wa yaronku ƙwallon kwando ba wasanmu ba ne?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Abin da yaronku ya yi wa bawan Allahn nan da ya bugo waya a shirin wasanni na ranar Asabar bai dace ba ko kaɗan. Mutum ya ƙona katinsa, ya yi ta jiran layi, ya tambayi sakamakon wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, na daren Juma'a, sai a sa masa dariya, a ce wai ƙwallon kwando ba wasanmu ba ne, na dogayen Amurka ne da 'ya'yan masu kuɗi, a koma Firimiya. Abokin gabatarwarsa kuma yana taya shi ƙyaƙyatawa. Daga nan suka share sauran lokacin suna gardama a kan ko wani mai tsaron baya zai bar kulob ɗinsa a watan Janairu, zancen da wataƙila shi kansa ɗan wasan bai san da shi ba.

A wane gari yaron nan ya tashi? In bai sani ba, ya zo Zariya wata rana bayan la'asar in kai shi filin da ke Samaru. Zai ga yara, wasu da takalmin da aka ɗinke sau ba adadi, wasu da silifa, suna rububin ƙwallo guda da ta suɗe har ba a ganin rubutun jikinta, ƙarfen kwandon ko raga babu. Waɗannan ne 'ya'yan masu kuɗin? A garin nan Koci Oliver Johnson, Ba'amurken da kowa ke kira OBJ, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa yara wasan. A garin nan Masai Ujiri ya tashi, a nan ya fara jefa ƙwallo a kwando. Shi ne fa mutumin da ya shugabanci Toronto Raptors, ƙungiyar NBA da ke Kanada, ya yi kasadar sallamar DeMar DeRozan, ɗan gatan magoya bayansu, ya ɗauko Kawhi Leonard a 2018, aka yi ta zaginsa, shekara na zagayowa suka doke Golden State Warriors suka ɗauki kofin 2019, karo na farko da kofin ya fita daga Amurka. A cikin 'yan wasan da suka ɗauko masa shi har da Pascal Siakam ɗan Kamaru. Kuma tun 2003 Ujiri yake dawowa Afirka da shirinsa na Giants of Africa yana tara yara yana horar da su. Ɗan Zariya ya yi wannan duka, amma a rediyon da ake saurara a Zariya a ce wasan ba namu ba ne.

Ko Kano Pillars ɗin da kuke ambata kullum, yaronku ya san tana da ƙungiyar ƙwallon kwando? Ya san ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama, har ta wakilci Nijeriya a gasar kulob-kulob ta Afirka? Ni na sha hawa mota zuwa Kano in shiga ɗakin wasan da ke Ƙofar Mata, in tarar da shi maƙil, ana ihu da Hausa zalla, ana yi wa alƙalin wasa tsiya da Hausa. Tawagar mazanmu ta ƙasa, D'Tigers, sun ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 2015 bayan sun doke Angola. A Landan a 2012 Amurka ta yi mana wulaƙancin 156 da 73, sai ga shi a 2021 a Las Vegas mun rama da 90 da 87, duk da dai wasan sada zumunta ne, amma babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa doke su kafin nan. Matanmu kuwa, D'Tigress, sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Faris a 2024 suka kai zagayen 'yan takwas a Olamfik, abin da babu wata tawagar ƙwallon kwando ta Afirka, maza ko mata, da ta taɓa yi. Wace ƙungiyar ƙwallon ƙafa tamu ce ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere a 'yan shekarun nan? Ina jiran amsa.

Amma duk wannan ba shi ya fi ci mini rai ba. Hakeem Olajuwon nake tunawa. Mu da muka yi samartaka a shekarun 1990 ba mu da tauraron ɗan'adam a gida. Wani ɗan'uwan abokina da ke karatu a Amurka shi yake naɗo mana wasanni a kaset ɗin bidiyo, sai ya iso wata biyu ko uku bayan an gama, mun riga mun san wanda ya ci, amma haka za mu cika falo mu zauna a ƙasa kamar ba mu sani ba. Akwai inda muke mayar da kaset baya har hoton ya fara rawa: Hakeem ya karɓi ƙwallo ya ba wa kwando baya, David Robinson yana manne da shi, ya karkata kafaɗa hagu, Robinson ya bi, ya juyo dama, ya ɗaga ƙwallon kamar zai jefa, Robinson ya yi sama, shi kuwa ƙafarsa tana ƙasa, sai da mutumin ya fara saukowa sannan ya zura ta a hankali. Wannan a 1995 ne, shekarar da aka ba Robinson kambun gwarzon NBA. Ɗan Legas ne Hakeem, ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa ƙwallon kwando, kuma a nan ya samo wannan saurin ƙafar. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 shi Houston Rockets ta ɗauka na ɗaya, Michael Jordan na uku. Hakeem ya ɗauki kofin NBA a 1994 da 1995. Har gobe babu wanda ya kai shi tare ƙwallon da aka jefa kwando a tarihin NBA, sau 3,830. Kuma, Malam Edita, azumin 1995 a watan Fabrairu ya faɗo, mutumin nan yana azumi yana buga wasa, a ƙarshen watan aka ce shi ne gwarzon ɗan wasan watan. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda bai taɓa kallon ƙwallo kowace iri ba, da muka ba shi labarin nan sai da ya ce a kunna masa kaset ɗin ya ga yaron.

Gaskiyar maganar ita ce lalaci ne ke damun 'yan shirinku. Firimiya ana buga ta da yamma, kowa ya gani a gidan kallo, gobe a zo a maimaita abin da kowa ya riga ya sani. NBA kuwa sai ka hana idonka barci. Wasan ƙarshe a watan Yuni yakan fara ne wajen ɗaya da rabi na dare a agogonmu, ya ƙare dab da kiran assalatu. Ni haka nake yi shekara da shekaru. In an ɗauke wuta ba na tayar da janareto saboda maƙwabta, sai in lallaɓa da waya da ɗan abin cajin da na tanada tun yamma. Uwargida ta gaji da magana ta sa mini ido. Ba na ce yaranku su kwana a zaune kamar ni ba. Amma buɗe intanet da safe a duba wa ya ci wa, wa ya zuba maki nawa, minti nawa zai ɗauke su?

Kuma tunda na fara, bari in amayar da ɗayan abin da ke cikina. Ina kuka kai shirin jaz da rege na daren Lahadi? Ba sanarwa, ba sallama, muka kunna rediyo muka ji mai maganin basir ya gaje wurin. Na san talla ce ke biyan albashi, amma awa ɗaya tak a mako ita ta tsone muku ido?

Ni mai tara faifan garmaho ne, kuma wannan shirin ne ya sa mini cutar tun ina ɗan sakandare. Yawancin abin da nake da shi a Sabon Gari na tsinto, na Kano da na nan Zariya, a hannun dattawan da suka rufe shagunansu da zuwan kaset, wasu kuma daga gidajen tsofaffin malaman jami'a da 'ya'yansu ke neman wanda zai kwashe musu tarkace. Riƙon faifai a ƙasar nan aiki ne. Zafi yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu tana shiga layukansa ta cinye allura. Ba a jibge shi a kwance, a tsaye ake jera shi, nesa da taga. Kafin in ɗora kowanne sai na riƙe shi ta gefe da tafukan hannu, in karkata shi wajen haske in duba ƙarzuwa, in goge shi da tattausan ƙyalle ina bin zagayen layin, ba a gicciye ba. Allura kuwa sai na yi saƙo Legas. Ina da na Peter Tosh da Burning Spear da Jimmy Cliff, ina da na Majek Fashek bugun gida, ina da na Art Blakey da Ahmad Jamal. In wasan dare ya yi zafi nakan kashe muryar masu sharhi in ɗora jaz ƙasa-ƙasa, don su biyun tafiyarsu ɗaya: mutum biyar, kowa ya san tsarin, amma ba wanda ya san abin da na kusa da shi zai yi nan da daƙiƙa biyu.

Kada wani ya ce mini wannan ma ba namu ba ne. Louis Armstrong ya zo Arewa a 1960 har ya gana da Sardauna. Yusef Lateef, babban mabushin jaz, ya zauna a nan Zariya daga 1981 zuwa 1985 a cibiyar nazarin al'adu ta jami'a, yana binciken sarewar Fulani. Kuma ba ni kaɗai na haɗa son ƙwallon kwando da tara faifai ba. Kareem Abdul-Jabbar, wanda ya riƙe tarihin yawan maki a NBA har LeBron James ya wuce shi a 2023, gidansa ya ƙone a 1983 da faifan jaz wajen 3,000 a ciki, magoya baya suka riƙa aiko masa da nasu don ya mayar da gurbi.

Su can aiko wa mutum ake yi. Mu nan kuwa, kwanakin baya ina wucewa ta wajen 'yan gwangwan na hango faifai jibge a rana cikin tsofaffin ƙarafa. Na tsuguna na ɗaga, sai ga hatimin ɗakin ajiyarku a jikin kwalayen, da lambar da wani ma'aikacinku ya rubuta da hannu. Rabinsu rana ta riga ta lanƙwasa su, ba sa moruwa. Na biya yaron abin da ya nema na kwashe masu sauran rai. Wa ya ba da izinin zubar da su? Ko tambayar tsofaffin ma'aikatanku an yi?

Abin da nake nema ba shi da yawa. Yaronku ya fito a shirin Asabar mai zuwa ya ba wa mutumin nan haƙuri da bakinsa, ya kuma karanta masa sakamakon da ya tambaya. A ware wa ƙwallon kwando ko minti biyar ne a kowane shiri, na NBA da na gasar BAL ta Afirka da na gida. In ba ku da wanda ya iya, ku je Samaru ko Ƙofar Mata, akwai samarin da za su yi muku. Sauran faifan da ke ɗakin ajiyarku kuma, in kun ƙudura sai kun rabu da su, don Allah kada ku sake kiran 'yan gwangwan. Lambata tana bayan takardar nan, zan zo da mota da kwalaye, kuma zan biya.

Naku,
Tsohon mai sauraronku,
Tudun Wada, Zariya.