Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya kan na'urorin hoton ƙwaƙwalwa da ke kwance

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, magana ɗaya ce ta sa muka rubuto: na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki, wato CT da MRI, da ake ƙaddamarwa da biki, sannan bayan ɗan lokaci a tarar da ɗakin a kulle, an manna takarda a ƙofa wai na'ura ta lalace.

Ka fi mu sanin cewa a watan Mayun 2022 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da shiri kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda wa'adinsa zai cika a 2031. A ciki akwai alkawarin samar da magunguna da kayan aiki, kuma ƙasarmu na cikin waɗanda suka yarda. Muna tuna maka ne domin wa'adin yana ta matsowa.

Idan aka kawo mai shanyewar ɓarin jiki, ko dai gudan jini ne ya toshe jijiya, ko kuma jijiyar ce ta fashe. A ido kamanninsu ɗaya, amma maganin wannan yana iya kashe wancan. Allurar narka gudan jini ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi da farawar ciwon, kuma babu likitan da zai yi ta bai ga hoton CT ya tabbatar babu zubar jini ba. Ɗaukar hoton 'yan mintoci ne. In na'urar na kwance, sai a ɗora majinyaci a mota zuwa wani asibiti, lokacin ya ƙare a hanya.

Wannan ke nan ga ciwon da kowa ya sani. Waɗanda suka fi ban tausayi su ne masu ciwon da ke zuwa da kamannin wani. Dattijo ya ɗan buge kai, kowa ya manta. Bayan makonni ya fara ruɗewa, yana jan ƙafa, yana yawan barci, sai a ce gigin tsufa ne. Alhali jini ne ke taruwa sannu a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da mayafinta. Ƙaramar huda a ƙoƙon kai ta isa a zubar da shi, kuma da yawa suna dawowa hayyacinsu. Mai jego ta yi ta fama da ciwon kai har ta fara jijjiga, alhali hawan jininta daidai yake. Mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe hanyar da jini ke fita daga ƙwaƙwalwa. CT na yau da kullum kan fito kamar lafiya lau, sai an yi allurar ruwan haska jijiyoyi sannan a gani, maganin kuwa heparin ne, mai hana jini daskarewa. Babban mutum ya fara farfaɗiya rana tsaka, hoto ya nuna ƙwayayen tsila ko ƙullin tarin fuka, dukansu masu magani. Wani kuma zazzaɓi da sambatu, a yi ta ba shi maganin maleriya, alhali MRI zai nuna kumburi a gefen ƙwaƙwalwa irin na ƙwayar cutar herpes, wanda allurar aciclovir ta jijiya ke tarewa in an fara da wuri. Rashin hoto ne ke sa a kai irin waɗannan sashen masu taɓin hankali, ko a ce a koma gida a jira ikon Allah.

Dalilin mutuwar na'urorin ba ɓoyayye ba ne. Maganadisun MRI mai ƙarfin tesla 1.5 (ma'aunin ƙarfin maganadisu) yana zaune ne cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Kwamfureso da injin sanyaya ruwansa dole su yi aiki dare da rana, ko ana ɗaukar hoto ko ba a ɗauka. In wuta ta daɗe a ɗauke, hiliyam ya fara ƙafewa. In ya yi ƙasa sosai, maganadisun ya saki ƙarfinsa, tayar da shi kuma sai injiniyan kamfani da sabon hiliyam. CT kuwa bututun da ke fitar da hasken hotonsa yana da iyakar kwana, zafin ɗaki da hawa da saukar wuta suna rage masa su. Duk wanda ya sayi na'ura ba da kwangilar gyara ba ya san wata rana za ta tsaya.

Don Allah, ranka ya daɗe, kada a ƙara sa hannu a sayen wata sai da kwangilar gyara ta shekaru, da layin wuta nata na kanta, da batirin riƙe wuta kafin janareta ya tashi. A fara da tayar da waɗanda ke kwance.

Akwai kuma batun mai karanta hoton. Jinin da ya yi makonni a kai yakan ɗauki launin ƙwaƙwalwa a CT, wanda bai ƙware ba ya wuce shi. A tura hotuna ta intanet ga ƙwararru, har da dare. Ruwan haska jijiyoyi ma yakan yanke a asibitoci.

Muna roƙon ma'aikatarka ta fitar da jerin na'urorin CT da MRI na asibitocin gwamnati, a nuna masu aiki da waɗanda suka tsaya, da ranar da za a tayar da kowacce.

Wassalam.