Tsuntsun da aka tsinta da rauni: a fara da kwali da duhu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin jan hankalin jama'a kan tsintar tsuntsayen daji da rauni, abin da ke yawaita da zarar hunturu ya kama. Lokacin ne baƙin tsuntsaye daga Turai ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, yara na yawo da danƙo a gonakin da aka girbe, ga ragar masunta, ga wayoyin lantarki. Mutum zai ga kurciya ko balbela tana jan fiffike a ƙasa, tausayi ya kama shi, ya buɗe mata baki ya ɗura ruwa. Sau da yawa ruwan nan ne ke ƙarasa ta.

Ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshensa, a buɗe. Wanda ya galabaita ba ya iya rufe ta da sauri, sai ruwan ya zarce huhu. Ko ya shaƙe nan take, ko ciwon huhu ya kashe shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Haka kunu da koko. Madara kuwa cikin tsuntsu ba ya narkar da ita, zawo kawai take sa shi.

Kafin a kai hannu, a tsaya a duba. Idan wuyansa na murɗewa, kansa ya kumbura, ko akwai wasu matattu a kusa, kada a taɓa, kada a bar yara su ɗauka. Wannan na iya zama murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 ta yi wa masu kiwon kaji mummunar ɓarna, ko kuma guba. A sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa, su ne ke aika samfuri cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato. Shi kuma ɗan tsuntsun da gashi ya rufe jikinsa, yana tsalle yana kuka, galibi lafiyarsa ƙalau, koyon tashi yake, uwarsa na bisa itace tana jiran a watse. A ɗora shi kan reshe inda kyanwa ba za ta kai ba. Wanda ko gashi bai yi ba a mayar da shi sheƙa. Zancen cewa uwa za ta ƙi shi don ta ji warin hannun mutum ba shi da tushe.

Idan rauni ne na gaske, wato jini, fiffike ɗaya ya zube ƙasa da ɗaya, ƙafa na lilo, sai a jefa masa zane ko tsohuwar riga ta rufe kansa. Da ya daina gani zai lafa. A haɗe fukafukan da jikinsa, a tallabe shi, amma kada a matse ƙirji. Tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, riƙon da yaro zai ɗauka na ƙauna ne ya isa ya shaƙe shi. Shirwa, shaho da mujiya faratansu ne abin tsoro, don haka ƙafafun ake fara kamawa ta cikin zane mai kauri. Zalɓe da balbela ido suke nufa da baki, a riƙe kan, a nisanta fuska.

Masaukinsa kwali ne, irin na taliya ko sabulu, wanda zai iya tsayuwa a ciki amma ba zai samu filin fuffuka ba. A huda ramuka kamar goma a gefe kafin a sa shi, a shimfiɗa tsumma mara zare-zare don kada farce ya sarƙe, a rufe. Keji na waya bai dace ba, zai yi ta dukansa har gashin fiffike ya kakkarye. Zafin jikin tsuntsu ya kai digiri 40 zuwa 42, mai rauni kuma yana saurin yin sanyi. A cika gorar roba da ruwan ɗumi, a naɗe da tsumma, a ajiye a gefe ɗaya na kwalin yadda zai matsa idan zafi ya ishe shi. Da bazara inuwa ta wadatar. In ya buɗe baki yana haki, a cire gorar. A kai kwalin ɗaki mai shiru, nesa da akurkin kaji da ɗakin tattabaru, a wanke hannu da sabulu. Sai abu mafi wuya a gidan da ke da yara: a bar shi awa biyu ba leƙe. Wanda ya bugi gilashi ko bango ya suma, sau tari wannan kaɗai ke tashinsa.

Jini ana tsayar da shi ne da danna tsumma mai tsabta na minti biyar. A wanke ciwon da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya cikin rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce. Ban da basilin, man ja, kalanzir ko baƙin mai, suna manne gashi ya daina riƙe ɗumi, ga shi zai tsefe da baki ya haɗiye. Ban da maganin mutane. Diclofenac, maganin ciwon jiki na mutane da aka riƙa yi wa shanu, shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya daga shekarun 1990. Zare ko ragar da ta naɗe ƙafa a yanke da almakashi gunduwa-gunduwa, kada a ja.

Cizon kyanwa yana yaudara. Hudar ba ta ko ganuwa a cikin gashi, tsuntsun yana tsaye kamar ba komai, amma ƙwayoyin cutar da ke yawunta kan shiga jini su kashe shi cikin kwana biyu ko uku. Wannan sai likita a ranar. Karaya ma haka, domin ƙashin tsuntsu na fara haɗewa cikin 'yan kwanaki, in ya haɗe a karkace ya gama tashi ke nan. Ɗorin kara da ake yi wa akuya bai yi wa fiffike ba. A nemi asibitin dabbobi na jiha, ko na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a kai shi cikin kwalinsa a rufe. Idan karayar a gaɓa take ko ƙashi ya fito ya bushe, likita na iya cewa a hutar da shi, wato a kashe shi ba tare da wahala ba, kuma ya kamata a ji shawararsa.

In an kasa samun likita a ranar, sai tsuntsun ya miƙe da kansa za a sa masa ruwa a marfin kwalba mara zurfi ya sha da kansa. Kurciya da hasbiya gero, balbela fara, mujiya da shirwa ɗanyen nama mara gishiri a yanka ƙanana. Mujiyar da ake jifa saboda camfi, ɓerayen rumbu take ci mana kowane dare.

Kafin saki a gwada shi a ɗaki a rufe. In ya tashi daga ƙasa zuwa sama, fukafukai daidai, ya sauka da ƙafa biyu, a mayar da shi inda aka tsince shi, masu yawon rana da sassafe, mujiya bayan magariba. A buɗe kwalin a ƙasa a ja da baya, kada a cilla shi sama.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu ma'aikatan lafiyar dabbobi