Sanarwa: mu ƙara wa juna sani kan shan magani

Salamu alaikum ƴan uwa masu harhaɗa magunguna, barkanmu da warhaka. Maganar jiya ta yadda ake ba da magani da shan sa ba bisa ƙa'ida ba ce nake so mu ɗora a kai don wallahi tana damuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta daɗe tana cewa sama da rabin magunguna ba a rubuta su ko ba da su ko sayar da su yadda ya dace, kuma rabin majinyata ba sa shansu daidai. To mu ne fa na ƙarshe da majinyaci ke gani kafin ya tafi gida.

Abin da ya fi ƙaranci a wajenmu shi ne tambaya da sauraro. Dattijuwa ta zo neman ibuprofen saboda ciwon gwiwa, sai da na ce Mama zazzage jakar nan mu gani, ashe tana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, haɗa biyun nan kuwa zubar jini yake jawowa, da na miƙa mata kawai fa? Haka mai asma, kar ka tsaya a "ka gane?", ba shi inhela ya gwada a gabanka, da yawa fesawa suke ba sa jan numfashi tare.

Sai antibayotik, mura ba ta buƙatarsa, mu koyi faɗin haka cikin lalama. A duba AWaRe, wato rabe-raben antibayotik da WHO ta fitar a 2017 don nuna waɗanda za a fara da su da waɗanda za a yi taka-tsantsan da su.

Kiran likita idan dos, wato adadin maganin da aka rubuta, bai yi daidai ba shi ma gwaninta ce, da shi za mu fara sati mai zuwa in sha Allah. Mai misali ya turo, amma banda sunan majinyaci don Allah.