Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Sadarwa na Ghana Kan Manhajojin da Ke Yawo da Bayananmu a Fili

Mai girma Minista Samuel Nartey George,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga unguwar Nima. Sana'ata rubuta manhajojin waya, kuma roƙo ɗaya ne ya sa na rubuto maka: a wajabta wa duk manhajar da ke karɓar bayanan ɗan Ghana ta riƙa magana da sabarta (kwamfutar kamfanin) ta rufaffiyar hanya, wato HTTPS, a kuma tsayar da ranar da za a daina karɓar uzuri.

Ranka ya daɗe, idan mai sayar da atamfa a kasuwar Nima ta buɗe manhajar susu, wato adashi, ta shigar da lambobinta, wayar kan tura su zuwa kwamfutar kamfanin, wadda muke kira saba. Kafin saƙon ya isa sai ya ratsa na'urar Wi-Fi ta shagon maƙwabci ko ta makaranta, ya ratsa kamfanin sadarwa, ya bi ta hannaye da yawa. In da buɗaɗɗiyar hanya, wato HTTP, manhajar ke aiki, saƙon tamkar wasiƙa ce da aka ba ɗan aike babu ambulan. Duk wanda ya samu wurin zama a kan hanyar zai karanta suna, lambar waya, lambar Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa) da kalmar sirri tsaf. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yana iya sauya abin da ke ciki. Saba ta ce a tura kuɗi zuwa lamba kaza, shi ya goge ya sa tasa, wayar kuwa ba ta da hanyar ganewa. HTTPS kan cakuɗa saƙon yadda waya da saba kaɗai ke iya warware shi, in an taɓa shi a hanya a gane, kuma dole sabar ta nuna takardar shaida cewa ita ce, ba sojan gona ba.

Me ya sa nake kawo wannan gabanka, ban bar wa masu waya su kula da kansu ba? Domin ba su da idon gani. Tun watan Yulin 2018 Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ke gargaɗin mutum idan shafin da ya buɗe ba shi da tsaro. A cikin manhaja babu wannan alama ko kaɗan. Wadda ke rufe bayanai da wadda ke watsa su fuskarsu ɗaya. Ko ni sai na haɗa wayar da kwamfuta na bi sawun saƙonnin kafin in bambance. Gargaɗin da ake yi a rediyo cewa kada ka ba kowa lambar sirrinka ta MoMo (asusun kuɗi na waya) gaskiya ne, amma bai kare matar da ta riƙe sirrinta gam, manhajar da ta amince wa ce ta tona shi.

Kuma batun tsada ya daɗe da mutuwa. Tun ƙarshen 2015 wata cibiya mai suna Let's Encrypt ke ba da takardar shaida kyauta, kuma ana iya saita saba ta riƙa sabunta ta da kanta. Apple ya toshe buɗaɗɗiyar hanya a iOS 9 a 2015, Google ya bi sahu a Android 9 a 2018. Saboda haka sabuwar manhajar da ke aiki da HTTP a yau, wani ne ya zauna ya rubuta layin da ya buɗe ƙofar da gangan, galibi don mai aikin na matsa masa lamba a gama kafin ƙarshen wata. Akwai ma wanda ya fi wannan muni. An taɓa kawo mini gyaran manhajar wani ƙaramin kamfani, adireshinta HTTPS ne, amma wanda ya rubuta ta ya umarce ta ta karɓi kowace irin takardar shaida, har wadda ɓarawo ya ƙirƙira a ɗakinsa. Da ta ƙi haɗuwa da saba lokacin gwaji, maimakon ya gyara takardar sai ya kashe binciken. Mai kamfanin bai san da haka ba, balle abokan cinikinsa.

Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Dokar Tsaron Intanet ta 2020, mai lamba 1038, ta kafa Hukumar Tsaron Intanet da ke ƙarƙashin ma'aikatarka. Bankuna suna da Babban Bankin Ghana a kansu. Waɗanda ba mai leƙa su su ne ƙanana: manhajar kuɗin makaranta, ta ƙaramin asibiti, ta masu kai saƙo a babur, ta masu ba da bashi, da waɗanda ake tura wa juna ta Xender, waya zuwa waya, ba su taɓa bi ta Play Store ba. Yawancinsu kuwa Ghana Card suke fara nema. Mun sha rana a layi muna haɗa katin nan da layukan wayarmu tun daga 2021, ga shi yau banki da haraji duk a kansa suke rataye. Kalmar sirri in ta fita ana sauya ta cikin minti ɗaya. Lambar Ghana Card kuwa da ita mutum zai mutu.

Ina roƙon a fara daga gida: kada ma'aikata ko majalisar gunduma ta biya ɗan kwangila kuɗin manhaja sai an gwada an ga tana amfani da TLS, tsarin cakuɗa saƙo da HTTPS ke kansa, siga ta 1.2 ko 1.3, tunda an yi ritayar 1.0 da 1.1 a 2021, kuma tana ƙin takardar bogi. Sannan Hukumar Kare Bayanai ta nemi wannan shaida wurin kowane kamfani idan ya zo sabunta rajista. A kuma rubuta ƙarara cewa sa HTTPS a saba ba shi ne ƙarshen aiki ba. Tsohuwar manhajar da ke cikin wayoyin mutane za ta ci gaba da turo bayanai a buɗe, kuma ko saba ta karkatar da ita zuwa sabon adireshi, saƙon farko ya riga ya fita. Sai an fitar da sabuwar manhaja, an ba da wa'adi, an rufe tsohuwar ƙofa baki ɗaya, an sa kowa ya sauya kalmar sirrin da ta taɓa bi ta wancan hanya.

A nan ne nake jiye wa mutanen zango. Da yawa cikin iyayenmu tsofaffin wayoyi ke hannunsu, waɗanda aka sayo na hannu a kasuwar wayoyi ta Tip Toe Lane ko 'ya'ya suka aiko daga waje. Wayar da sigar Android ɗinta ba ta kai 7.1.1 ba, tun 2024 ba ta gane takardar Let's Encrypt da kanta. Maganin yana da sauƙi, mai rubuta manhaja ya cusa tushen takardar, wato uwar takardar da ake tantance sauran da ita, a cikin manhajarsa, amma in ba a sa shi cikin ƙa'ida ba, rabin masu rubuta manhajojin ba za su yi ba. Ranar da aka rufe tsohuwar hanya, tsohuwa a Mamobi za ta wayi gari manhajarta ta ƙi buɗewa, ta miƙa wayar da lambar sirrinta ga duk yaron da ya ce zai gyara. Don haka sanarwar wa'adin ta fita da Hausa, Twi, Ga, Ewe da Dagbani, ta bi ta rediyo, ta sarakunan zango, da ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, don a faɗe ta a masallatai ranar Juma'a.

Akwai matasa a Nima, Madina da Sabon Zango da suka iya gano irin wannan ɓaraka a wayoyinsu na kansu, amma suna tsoron in sun yi magana a ce su ne masu kutse. Lambar 292 ta Hukumar Tsaron Intanet tana nan don kai rahoto. A ba su tabbaci a rubuce cewa wanda ya kawo rahoto da kyakkyawar niyya ba za a kama shi ba, kuma za a ba kamfanin da abin ya shafa kwanakin gyara, in ya ƙi a bayyana sunansa. In ma'aikatarka ta kira zama kan wannan, mu masu sana'ar za mu zo da kwamfutocinmu mu nuna wa jami'anka yadda ake gwajin.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja, Nima, Accra